Baƙon Kuɗi Da Yatsun 'Ya'yanmu Mata

 

Yau mun jingine zancen girki da reno, za mu yi zancen ciniki. Ke uwargida, waiga ɗakinki ki ƙirga. Ga waya a ƙarƙashin matashi. Ga rediyo a bakin taga. Ga tocila, ga fitilar nan mai shan hasken rana, ga caja wadda yara ke faɗa a kanta. Ko ɗaya cikinsu ba a ƙasar Katsina aka yi shi ba. Kuɗinsu kuwa daga masararmu da dawarmu da waken soyarmu suka fito, ko daga ƙuliƙuli da awarar da kika soya. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, kuɗin nan suke fita, ba su fasa ba.

Saboda haka in muka ji manya a rediyo suna cewa za su jawo masu kuɗi na ƙasashen waje su zo su kafa masana'antu, matasa su sami aiki, sai ranmu ya yi fari. Wadda take da ɗa ko ɗiya da suka gama sakandare suna zaune a gida, ita ta san nauyin maganar. Amma ya kamata mu san abin da muke roƙo tun bai zo ba. Gama masana'antar kayan lantarki tana da wata ɗabi'a: kusan duk inda aka kafa ta a duniya, 'yan mata take fara ɗauka. Ke nan zancen namu ne, kada mu bar wa maza shi a dandali.

YADDA AKE YIN WAYA

Kin san yadda ake yin hular zanna ko ta kufta. Wani ya sayi yadi da zare. Mai zane ya zana. A kawo miki cikin gida, ki yi mako biyu ko uku kina soka allura har idonki ya yi ja. A ba ki ladanki, dillali ya kai ta kasuwa. In kika ji nawa aka sayar da ita, sai ki riƙe baki. To, haka aikin waya yake, hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne na masu tsara ta, watau waɗanda suka ƙago siffarta da abin da za ta iya yi, suka sa mata sunansu. Hawa na biyu shi ne na masu yin sassanta, kamar gilashin fuska da batir da kyamara, da wata 'yar aba wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba, ita ce ƙwaƙwalwar wayar. Mafi ingancin ƙwaƙwalwar nan a tsibirin Taiwan da ƙasar Koriya ta Kudu ake yinta, a gidajen da ginin ɗaya kan ci dala biliyoyi. Hawa na uku shi ne haɗawa. Nan ne ake jera ma'aikata ɗaruruwa a bakin wani dogon tebur mai tafiya da kansa. Wannan ta sa gilashi, ta gaba ta ɗaura 'yan ƙusoshi, ta gaba ta manna batir, ta gaba ta kunna ta gwada, ta ƙarshe ta sa a kwali. Kowace abu ɗaya take yi, sau ɗaruruwa a yini.

Wannan hawa na uku shi ne wanda baƙo yakan kai ƙasar da lada yake da araha. Shi ya fi cin mutane, shi ne kuma ya fi ƙarancin rabo. Cikin 2011 waɗansu malaman jami'a a Amurka suka bi sawun kuɗin wayar iPhone. Suka tarar a kowace dala 100 da mai saye ya biya, abin da ya shiga aljihun ma'aikatan ƙasar Sin da suka haɗa ta bai kai dala 2 ba, kamfanin Apple kuwa ya tashi da fiye da dala 58 riba.

Me ya sa 'yan mata ake so? Masu kamfani sukan ce wai yatsun mace sun fi laushi, ta fi haƙuri da aiki mai ƙanƙanta. Akwai gaskiya a ciki, duk wadda ta taɓa tsince shinkafa ta sani. Amma akwai abin da ba su cika faɗi ba. Budurwa takan karɓi lada kaɗan, ba ta cika gardama ba, kuma bayan 'yan shekaru aure yakan ɗauke ta, a kawo sabuwa, ba a biya kuɗin tsufa ba.

ABIN DA AUDUGA TA KOYA MANA

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga baƙon kuɗi. Ki tambayi kakarki. Cikin 1902 masu masaƙu na birnin Manchester a Ingila suka kafa ƙungiyar neman auduga, wadda a nan aka fi sani da Bisije. Ita ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtua da Malumfashi da Gusau. Aka kawo sabon iri, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda cikin 1929.

Ba a musun alherin da aka samu. Manomi ya ga kuɗi a hannu da kaka, ya biya haraji, ya yi aure. Funtua ta tashi ta zama babban gari, baƙi daga kowace kusurwa suka zauna. Amma duba irin aikin da aka bar mana. Noma, da ɗauko, da awo, da ɗaure dila. Aikin gidan gurza na 'yan watanni ne, in kaka ta wuce a sallami leburori. Kaɗi da saƙa da rini, inda riba take, can Ingila aka kai su, sa'an nan a komo mana da audugarmu ta zama akoko da atamfa mu saya.

A da kuwa, kusan kowace mace a ƙasar Hausa tana da sana'a a cikin auduga. Ta gurza, ta shiɓa, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, ta tara zare da abawa ta aika kasuwa. Da shi take yin biki, da shi take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Sannu a hankali zaren inji da yadin kanti suka kwantar da mazari. Sana'ar ta fita daga ɗakin mace ta shiga gidan inji, mace kuwa ba a kira ta can ba.

Shugabannin Arewa sun lura da haka. Cikin 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri. Cikin 1964 masu kuɗi daga Hong Kong suka kafa babbar masaƙar UNTL. Daga baya Funtua ma ta sami tata masaƙar. Dubban magidanta suka ci abinci a wannan aiki, suka yi gidaje, suka ilmantar da 'ya'ya. Amma injin na waje ne, kayan gyaransa na waje ne. Da wuta ta yi wuya, injuna suka tsufa, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, sai masaƙar Kaduna ta rufe cikin 2002, UNTL ta bi ta cikin 2007. Matan ma'aikatan Kakuri sun san abin da ya biyo baya a tukunyarsu.

Haka kuma gidan motar Peugeot da aka buɗe a Kaduna cikin 1975. Shekaru da dama jirgin sama ke kwaso sassan mota daga Faransa ya sauke a Kano, a ɗora a babbar mota zuwa Kaduna a haɗa. Mun iya haɗawa ƙwarai, ƙerawa kuwa ta zauna wurin mai ita.

Abin da ya sami auduga jiya shi ke neman samun duwatsunmu yau. Dalmar da ake liƙe sassan waya da ita daga kuza ake yinta, irin wadda kakanninmu suka haƙa a Jos. Batirin waya kuma da wani ma'adini ake yinsa mai suna litiyam, akwai shi a Nijeriya, har wani kamfanin mutanen Sin ya buɗe gidan tace shi a jihar Nasarawa cikin watan Mayu na 2024. Dutsen yana fita, batir yana shigowa.

LABARIN AMINA MAI LANTARKI

Kada ki ce ashe baƙon kuɗi ba shi da amfani. Akwai waɗanda suka san yadda suka zauna da shi, bari in ba ki labarinsu.

A ƙasar Malesiya, can gabas mai nisa, akwai wani tsibiri wai shi Penang. Da ciniki na tashar jirgin ruwa suke ci. Wajen 1969 cinikin ya karye, matasa suka rasa aiki. Shugaban jihar na lokacin, Lim Chong Eu, ya ware fili a wani wuri da ake kira Bayan Lepas, ya ce duk kamfanin da ya zo za a ɗauke masa haraji na waɗansu shekaru. Cikin 1972 kamfanin Intel na Amurka ya kafa gidansa a tsakiyar fadamar shinkafa, da ma'aikata wajen 100. Waɗansu kamfanoni na Amurka da Jamus da Japan suka biyo baya.

Su wa aka ɗauka? 'Yan mata, da yawansu Musulmi, 'ya'yan manoman shinkafa daga ƙauyuka irin namu. Aikinsu su yini suna leƙa madubi mai ƙara girman abu, suna liƙa wata waya wadda ta fi gashin kai siranta. Da yawa idonsu ya raunana. Mutanen gari kuma ba su raga musu ba, suka laƙaba musu suna na reni, Minah Karan, watau Amina mai lantarki, ana yi musu kallon marasa kamun kai don kawai sun bar gida sun tafi aiki. Wata malama 'yar ƙasar, Aihwa Ong, ta zauna a ƙauyen irin waɗannan 'yan mata a jihar Selangor, ta rubuta littafi a kansu cikin 1987. Ta nuna yadda suke aika wa iyaye kuɗi, da yadda wani lokaci sukan faɗi a bakin aiki suna ihu ana cewa aljanu ne, irin yadda akan ji a makarantun kwana na 'yan mata a nan. Ita a ganinta matsin aiki da tsananin masu tsaro suna da hannu a ciki. Da kasuwa ta faɗi wajen 1985, aka sallami dubbai.

To, ina dabarar tasu take? Mutanen Penang ba su tsaya ga ladan wata ba. Cikin 1989 gwamnatin jihar da kamfanonin suka haɗu suka buɗe makarantar koyon aiki, kamfanonin da kansu suke faɗin abin da za a koyar. Yaran gida suka tashi daga bakin tebur suka zama masu gyaran inji, suka zama injiniyoyi, har suka zama shugabannin gidajen. Waɗansu suka bar aikin baƙo suka kafa nasu. Kamfanin Globetronics, tsofaffin ma'aikatan Intel suka kafa shi cikin 1991. Kamfanin ViTrox, waɗansu samari injiniyoyi da suka yi aiki a HP suka kafa shi cikin 2000, yana ƙera injin da ke duba aibin kayan lantarki, yana sayarwa ƙasashen duniya. Cikin 2021, bayan kusan shekara 50, Intel ya ba da sanarwar ƙara zuba dala biliyan 7 a ƙasar.

Amina ta farko ba ta yi arziki ba. Amma ladanta ya sa ƙannenta a makaranta, ƙasarta kuma ta riƙe sani, ba ta bar shi ya koma da baƙo ba.

INDA BAƘO YA NAƊE TABARMARSA

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A ƙasar Indiya, kusa da birnin Chennai, kamfanin Nokia ya buɗe gidan waya cikin 2006. Ke ma wataƙila kin riƙe irin wayar, mai tocila a ka. A lokacin da aiki ke ci, mutum wajen 8,000 ke ciki, mafi yawansu mata daga ƙauyuka. Sai rigimar haraji ta tashi tsakanin kamfanin da hukuma, Nokia kuma ya sayar da sana'arsa ta waya ga Microsoft. Cikin watan Nuwamba na 2014 aka kulle ƙofa. Wadda ta shekara takwas tana sa abu ɗaya a rami ɗaya ta fito ta tarar ba ta da sana'ar da za ta kai wani wuri.

A nan Afirka ma an gani. Cikin watan Oktoba na 2019 kamfanin Mara ya buɗe gidajen waya biyu, ɗaya a Kigali ta Ruwanda, ɗaya a Durban ta Afirka ta Kudu, shugabannin ƙasashen da kansu suka halarci bikin. Zuwa 2022 na Durban ya tsaya, masu bin bashi suka sa shi a kasuwa. Kiɗa da jawabi ranar buɗewa ba su ne shaidar aiki ba.

Akwai kuma zancen lafiya. Ana aiki da magunguna masu ƙarfi a gidajen yin ƙwaƙwalwar nan. A Koriya ta Kudu wata budurwa mai aiki a gidan Samsung ta rasu cikin 2007 da sankarar jini. Ubanta, direban tasi, ya yi shekara goma sha ɗaya yana neman hakki. Sai cikin watan Nuwamba na 2018 kamfanin ya nemi gafara a bainar jama'a, ya yarda zai biya diyya ga ma'aikatan da suka kamu da ciwo. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama wuta, shafa wa naki ruwa.

ME BAƘO KE DUBAWA?

Wayar Tecno da itel da Infinix, waɗanda suka cika gidajenmu, duk na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion, daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ya karanci halinmu sarai: waya mai layi biyu, batir mai daɗewa, kyamara mai fito da baƙar fata. Nijeriya tana cikin manyan kasuwanninsa. Amma da ya tashi kafa gidan haɗa waya a Afirka cikin 2011, sai ya zaɓi Addis Ababa ta ƙasar Habasha. Haka Samsung ya kafa gidan talabijin a Masar cikin 2013, ya kafa manyan gidajen waya a Biyetnam cikin 2009 da 2014, inda ya ɗauki mutum fiye da 100,000, mafi yawansu mata.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai kuɗi riba yake nema, kuma abu huɗu yake dubawa kafin ya sauke kayansa.

Na ɗaya wuta. Tebur mai tafiya ba ya son a ɗauke wuta ko na minti ɗaya. Wutar da layin gwamnati ke rabawa a Nijeriya duka takan tsaya wajen megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutum fiye da miliyan 200. In kamfani zai dogara ga janareta, wayarsa za ta fi wadda aka shigo da ita tsada.

Na biyu hanya. Sassa daga nesa suke zuwa, dole su iso da wuri. A nan yankinmu yana da abin nunawa. Funtua mararraba ce, hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina sun haɗu a cikinta. Cikin watan Mayu na 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua, watau wurin da za a iya sauke kwantena a yi mata aikin kwastan ba sai an je Legas ba. Ta Kano an buɗe ta cikin 2023. Aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano an fara shi cikin 2020, na layin dogo daga Kano zuwa Katsina da Maraɗi cikin 2021.

Na uku zaman lafiya. Wannan ba sai na yi dogon bayani ba, kowace ta san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu. Ranar da aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara cikin watan Disamba na 2020, duniya duka ta ji. Mai kuɗi matsoraci ne.

Na huɗu hannu mai ilmi. Ukun farko aikin hukuma ne, namu roƙo da zaɓe. Wannan na huɗu kuwa a ɗakinki yake, uwargida.

HAKKIN MA'AIKACIYA

Ko ba gidan waya ba, 'ya'yanmu sun fara shiga gidajen casar shinkafa da na ruwan leda da na robobi, a Funtua da Kano da Kaduna. Ya kamata ku san abin da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanada.

Ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta. Kafin wata uku su cika, dole mai kamfani ya ba ma'aikaciya takarda mai bayyana irin aikinta da ladanta da yadda za a rabu. Mai ciki tana da hutun mako shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, da mako shida bayanta. In ta yi wata shida tana aiki a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a yini don jaririnta. Dokar ta kuma hana sa mace aikin dare a masana'anta, in ban da irin masu jinya da shugabanni. Mafi ƙanƙantar albashi, bisa dokar da aka sa wa hannu cikin watan Yuli na 2024, naira 70,000 ne a wata, a wurin da ma'aikata suka kai 25.

Abu biyu ku yi hattara da su. Waɗansu kamfanoni ba su ɗaukar mutum da kansu, sai ta hannun ɗan kwangila, a riƙa biya kullum-kullum ba takarda, ranar da aka ga dama a ce kada ki zo gobe. Sa'an nan filayen nan na musamman da ake ware wa baƙi, dokarsu ta 1992 ta hana yajin aiki har shekara goma daga fara aiki. Wadda za ta shiga, ta shiga da saninta.

ABIN DA ZA MU YI TUN YAU

Har yanzu ba a haɗa waya a Funtua ko Malumfashi. Amma don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ke 'yar makaranta, kada ki yarda a ce miki lissafi da kimiyya na maza ne. A gidan waya, wadda ta iya karanta umurni, ta iya awo, ta gane yadda wuta ke tafiya, ita ake ɗagawa daga bakin tebur a mai da ita mai duba aiki ko mai gyaran inji. Ita ce kuma in an rufe ƙofa take fita da abinta a ka. Makarantu ba su yi mana nisa ba. Ga kwalejin 'yan mata ta tarayya a Bakori, ga kwalejin fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga ta Kaduna, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ake koyar da aikin injiniyan lantarki. In kin sami waya ko rediyo da ta mutu, nemi izini, ki sami sukundireba ki buɗe ki ga cikinta.

Ke uwargida, in ɗiyarki ta faye kwance tocila da rediyo, kada ki doke ta ki ce ɓarna ce, wataƙila abincinta ke nan. Rage mata talla da yamma ta yi bitar karatu. In zancen aure ya taso, a sa maganar ƙarasa makaranta cikin sharaɗi tun ran gini, a gaban waliyyai. Kuma mu tsare bakinmu. In 'yar maƙwabciya ta sami aikin kamfani, kada mu zama masu laƙaba mata suna kamar yadda aka yi wa Amina ta Malesiya.

Akwai ma aikin da ba ya jiran baƙo. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano dubban samari ke cin abinci da gyara da sayarwa, haka a kowace tasha ta garuruwanmu. Mata fa? Ke kanki kin sani, sau nawa wayarki ta lalace kika ƙi kai ta wurin mai gyara saboda hotunan biki da ke ciki. Da akwai mace mai gyara a unguwa, da layi za a yi a ɗakinta. Haka aikin haɗa fitila da fanka masu aiki da hasken rana: gidan da aka rubuta ba a shiga, mace tana shiga da sallama kawai. Kayan aikin ba su fi cikin jaka ɗaya ba, ana kuma iya yi a tsakar gida kamar yadda kakanninmu suka yi kaɗi.

In kuwa ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a ya ce zai kawo kamfani mai ɗaukar mutum dubu kaza, kada guɗa ta riga tambaya. Ku sa shugabar ƙungiyarku ta tambaye shi, cikin ladabi: Aikin na dindindin ne ko na kullum-kullum? Mutum nawa cikin 'ya'yanmu za a koya wa gyaran injin, a wace makaranta? Wane sashe za a saya a hannun mutanen gida, ko da kwali ne ko caja ko kayan sawar ma'aikata? Gonakin da za a karɓa, nawa za a biya, wa za a biya? In shekarun yafe haraji suka ƙare baƙon ya tashi, me zai bari?

Baƙo mai kuɗi abin maraba ne, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa. Zai kawo lada, lada kuwa ana bukatarsa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Auduga ta nuna mana abin da ke faruwa in muka ba da hannu kawai, mutanen Penang sun nuna mana abin da ke faruwa in aka karɓi sani tare da lada. Sanin nan kuwa daga aji ɗaya na firamare yake farawa, ranar da kika ɗaura wa ɗiyarki ɗankwali kika ce tafi.

Wadda take da tambaya, ko ta san wata mace mai gyaran waya ko rediyo a garinsu, ta rubuto wa wannan fili mu ji, don waɗansu su yi koyi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa 'ya'yanmu albarka. Sai mako mai zuwa.